Laƙanin Tsayar da Jini

Ɗana Sa'adu ne ya sa na zauna rubuta wannan babi. Ranar Juma'ar da ta wuce ya biyo ni zaure bayan an sauko masallaci, ya zauna yana ta sosa ƙeya. Ya tambayi ciwon gwiwata, ya tambayi dusar tumaki, har na gaji na ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi. Ashe laƙanin tsayar da jini yake so in ba shi tun ina da sauran numfashi, kada in tafi da shi kabari, ko in ba wani daga cikinku a ɓoye. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Shi kuwa ya tashi ransa a ɓace, yana ganin rowa nake yi masa. To, ku 'ya'yana da jikokina, ku buɗe kunnuwanku. Daga kara, kasuwar shanu, har Magama an san ni da Mamman Mai-tsai-da-jini, kuma na sha faɗa da bakina cewa ba ni da wani laƙani, amma mutanenmu in ka ce ba ka da abu, a nan suke tabbatarwa kana da shi. Zan ba ku labarin yadda sunan ya same ni, in ya so kowa ya ɗebi rabonsa, don abin ya ishe ku duka har da maƙwabta.

A wancan lokaci ni mai lodin shanu ne a karar Jibiya. Shanu na saukowa daga Nijar ta hanyar Maraɗi, a tsallako da su boda, mu kuma mu shirya su cikin tirela a yi kudu da su. Wanda bai taɓa yi ba gani yake aikin ƙarfi ne kawai, alhali rabinsa lallashi ne. Sai ka san wane sa za a fara sawa da wanda za a bari ƙarshe, ka san yadda za ka ɗaure ƙaho a jikin ƙarfen mota ba tare da ka ba dabba bayanka ba. Shugabanmu a wurin shi ne yayana, Yaya Ilu, wanda kuka sani da tsufa yana raba muku dabino, amma a lokacin in ya daka tsawa har shanun natsuwa suke yi. Rauni kuwa abincinmu ne na kullum. Maganinsa a wurinmu guda biyu ne, man birki ko fetur, duk wanda direba ya fi saurin miƙowa. A tuttula a kan ciwo, mutum ya yi ihu, mu ce magani ya kama. In jini ya ƙi tsayawa a barbaɗa ƙasa, a ɗaga tsumma a leƙa, a mayar, a sake ɗagawa. Haka muka yi wa wani abokin aikinmu, Tanko, har ya cika a hannunmu, muka ce kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai abin da ba mu yi daidai ba.

Sai kuma in gaya muku yadda nake da babban yayanku, don in ba ku san wannan ba labarin ba zai yi muku ma'ana ba. Shi ne ɗana na fari, kuma ni na tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari da gaske, ba irin ta yanzu da uba ke goya ɗansa a babur yana ɗaukar hoto da waya ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarku, ita ta laƙaba masa Na-Inna, Yaya Ilu kuma ya zama ubansa na zahiri. Shi ya kai shi makarantar allo, shi ya yi masa kaciya, shi ya nema masa aure. Ni ban taɓa ɗaukarsa ba, ban taɓa dafa kansa ba, sunansa kuwa sau ɗaya ya taɓa fita daga bakina, ranar da na yi masa huɗuba a kunne yana jinjiri. In ina son ya miƙo mini igiya sai in ce, "Kai, wancan." Ba ƙi ba ne, Allah shaida. Ina kallonsa ta gefen ido yana girma, ya yi kafaɗa, ya iya riƙe sa da hannu ɗaya, zuciyata tana cika, fuskata kuwa ko gezau.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, cikin bazara, rana ta ɗaga har ƙarfen tirela ba ya taɓuwa. Akwai wani jan sa mai dogayen ƙaho da ya ba mu wahala tun safe. An kai shi bakin mota, sai wani mai babur ɗauke da jarkoki ya danna oda a bayansa. Sa ya zabura, ya juya kai sau ɗaya, yayanku yana gefensa da igiya. Ban ga shigar ƙahon ba. Na dai ga yaro a ƙasa, na ga jini na tsartuwa daga saman cinyarsa, yana tashi yana sauka, ja jawur, har ya ɓata ƙafafun waɗanda ke tsaye. Wuri ya kaure da salati. Ni ne na fi kowa kusa da shi, amma ku ji abin da al'ada ke yi wa mutum: ƙafafuna suka kafe, na kau da fuska gefe, ina jiran waɗanda ya halatta su taɓa shi su taɓa shi. Yaya Ilu ya iso da gudu yana kiran direba.

"Man birki! Ku kawo man birki! In babu ku zuƙo hetur!"

An miƙo masa gora ke nan sai muka ji muryar mace ta ratsa hayaniyar.

"Kak ku zuba mishi komi! Ku ja da baya!"

Wata mata ce gajera, baƙa, da atamfa da silifas, ga tsohon ciki har tana tafiya da ƙyar. Daga baya na ji cewa motarsu ta Maraɗi ce aka tsayar ana duba takardu, ta sauko sayen goro. Ta ture maza kamar ba ta gan su ba, ta fizgi baƙar leda daga faifan mai goro ta zura hannunta ciki, ta cire gyalenta ta dunƙule shi, ta durƙusa ta cusa shi cikin ramin ciwon, ta danna da duk nauyinta. Yaya Ilu ya tsaya da gora a hannu, baki buɗe. Mace a tsakiyar kara, ba gyale, hannunta a cinyar namijin da ba ta sani ba.

"Baiwar Allah, ke wace ce?"

"Aikin likita nike a Maraɗi, Baba, jinya nike yi. Wanga mai da kaka riƙe ba shi tsai da jini, ƙona nama shike yi. Aje shi."

Ya ce to a kawo igiyar shanu a ɗaure ƙafar. Ta ce ɗauri yana da wurinsa, da faffaɗan ƙyalle a sama da ciwo in danna ta gaza, amma wannan ciwon ya hau har kusa da matsematsi, babu inda za a ɗaure. Tana magana tana haki, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ta ɗaga kai ta duba, idonta ya sauka a kaina, da yake ni ne a kusa, kuma kun san hannuwan ubanku ba ƙanana ba ne.

"Kai, malam, taho. Ƙarhina ya ƙare. Aza hannunka nan."

Na kasa motsi. Yaya Ilu ne ya amsa mata.

"Madam, ubanshi na. Ɗan hwari na, ba shi taɓa shi. Bari a kira wani."

Har gobe ina ganin kallon da ta yi mini. Babu raini a ciki, mamaki ne zalla.

"Ubanshi? To wa ya hi ka kusa? Kahin a kira wani ɗiyanka ya tahi. Durƙusa!"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Ta kama wuyan hannuna ta ɗora a kan gyalen kafin ta zare nata, ta sa na ɗora ɗaya hannun a sama, ta ce in miƙe gwiwar hannu in zuba nauyin jikina duka. A ƙarƙashin tafina na ji abu yana bugawa, kamar ka riƙe ɗan tsako. Rai ne, 'ya'yana. Ran ɗana ne yake neman hanyar fita, ni kuma na tare ƙofar. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa fatarsa ba, ranar da na fara taɓawa ita ce wannan. Gyalen ya jiƙe, jini ya fara bi ta tsakanin yatsuna. Yaya Ilu ya sunkuyo a kaina.

"Mamman, ɗaga mu gani ko ya tsaya."

"Kak ka ɗaga," in ji matar. "Jinin ya hwara daskarewa daga ciki. In ka ɗaga ka leƙa, ka ɓalle shi, mun koma hwarko. In ya jiƙe a aza wani bisa, ba a cire na ƙasa."

Wani bafulatani ya warware rawaninsa ya miƙo. Ta tura shi ƙarƙashin hannuna ba tare da na sassauta ba. Ta sa aka bar yaron kwance yadda yake, aka yi masa inuwa da tabarma, aka lulluɓe ƙirjinsa da riga duk da zafin ranar, don ta ce jikin da ya zubar da jini sanyi yake ji. Kuma gaskiyarta, na ga leɓunansa sun yi fari yana karkarwa. Sannu a hankali, wallahi ina gani da idona, jinin da ke bin yatsuna ya ragu, ya koma ɗan tsattsafi, ya tsaya. Babu magani, babu allura, babu tofi. Tsumma ne da hannu. Na tuna Tanko, na tuna yadda muka riƙa ɗaga tsumma muna leƙawa.

Sai yaron ya buɗe ido ya ce, "Ruwa."

Kun san yadda muke. Ba a hana mai ciwo ruwa, balle wanda ake ganin yana bakin tafiya. Wanda ya hana, ya ɗauki abin da zai bi shi har kabari. Yaya Ilu ya ɗauko buta, hawaye na zuba cikin gemunsa, ya tallafi kan yaron.

"A'a, Baba," in ji matar. "Aiki za a yi mishi, sai an sa shi kwana da allura. In da ruwa cikinai, shina iya komowa shi shaƙe shi. Jiƙa ƙyalle ka shafa mishi ga leɓe, shi ke nan."

"Ke ba ki da imani? Yaro na roƙon ruwa!" Ya juyo gare ni. "Mamman, kai ka ji. Ni na rene shi. In ya tahi da ƙishirwa, wa za a tambaya?"

Tun da aka haife ni ban taɓa musa wa Yaya Ilu ba. Amma hannuna na kan abin da matar nan ta ce zai faru, ya kuma faru. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, aje butar." Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ajiye, ya tashi ya koma bayan mutane.

Aka samo a-kori-kura. Matar ta tsara yadda za a ɗaga shi a kan wata ƙofar katako, ni ina tafe a durƙushe hannuna bai bar wurin ba. Direban motarsu yana ta danna mata oda daga titi. Ta roƙi sabulu a wurin mai tuwo ta wanke hannu har gwiwa, ta ce ni ma in yi haka in an karɓe ni. Sannan ta leƙo bayan motar ta yi mini maganarta ta ƙarshe.

"Kak ka ɗaga sai lokotoro, likita nike nuhi, ya ce ka ɗaga. Kuma ka riƙa yi mishi magana, ka kira sunanshi, ka ga ko shina amsawa. Kak ka bar shi shi kaɗai."

Ta juya ta tafi kanta ba gyale, tana riƙe da ƙugu. Ko sunanta ban tambaya ba.

A cikin motar nan ne sunan da kuke ji ya samo asali. Abokan aikinmu na zaune kewaye da mu, hanya na jijjiga mu, ni na kife a kan yaron. Na ga idonsa na lumshewa, kansa na langaɓewa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko a gaban sa mai faɗa. Na kai bakina daidai kunnensa, kunnen nan da na yi wa huɗuba, na kira shi. Ba Na-Inna na ce ba. Sunansa na yanka na kira, wanda ni na zaɓa masa. Da ƙyar ya fito, don harshena bai saba da shi ba. Ya buɗe ido. Ya sake lumshewa, na sake kira. Haka muka yi ta yi har asibiti, a hankali yadda ba mai ji, saboda ko a wannan hali kunyar ba ta sake ni duka ba. Su kuwa mutanen abin da suka gani shi ne Mamman ya dafa ciwo, bakinsa na motsi, jini ya tsaya. Kafin la'asar labari ya kai Farfaru cewa ina da aya.

A asibiti sai da wata ma'aikaciya ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, don sun sandare sun ƙi buɗewa. Aka shiga da shi, abokan aikinmu suka ba da jini. Da likitan ya fito ya tambayi wanda ya danne ciwon. Ya ce babbar jijiya ce ƙahon ya yaga, irin wadda in an bar ta mutum ba ya kaiwa ko bakin titi. Ya tambaya ko an ba shi wani abu ya sha, na ce a'a, ya ce madalla. Na fita waje na zauna a gindin bishiyar bedi, na buɗe tafukan hannuna ina kallonsu. Hannuwan nan da nake ɗaure ƙaho da su, nake cin tuwo da su. Ashe tun ranar da Allah ya halicce ni ya ajiye wannan a cikinsu, ni ban sani ba, ubana bai sani ba, kakana bai sani ba, sai da ya aiko mai ciki daga wata ƙasa ta sauko sayen goro. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

Abin bai zo kyauta ba. Yaya Ilu ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni har damina ta wuce. Ya ce na kunyata shi a gaban kara saboda maganar macen da ban san gidansu ba. Tsofaffin unguwa suka riƙa cewa Mamman ya zubar da kunya, ya rungume ɗan fari a bainar jama'a. Innarku kuwa, mahaifiyarsa, da yake ita ma kunyar ta ɗaure ta, ko asibitin ba ta iya zuwa ba. Na dawo gida ta ajiye mini ruwan wanka, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa.

"Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"An ce ya roƙi ruwa."

"Ya roƙa."

Daga ranar ta daɗe tana miƙo mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Sai ranar da yaron ya shigo gidan da ƙafarsa yana dogara sanda, ta leƙo ta labule ta gan shi, sannan a daren ta yi mini miyar da ta san na fi so. Yaya Ilu ma bai taɓa cewa na yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Amma wata rana ƙarfen tirela ya tsage hannun wani direba, na ji tsawarsa daga can ƙarshen kara.

"Wanda duk ya kawo man birki sai na ci mutuncinshi! Ku danne, ku kira Mamman!"

Daga nan aka fara kirana duk inda jini ya zuba. Ganin haka, da ma'aikatan lafiya suka zo koyar da direbobi taimakon farko, na je na zauna a sahun gaba da furfurata. A can na ji cewa ƙuna ruwa mai sanyi take so a yi ta kwarara mata, ba ɗanyen ƙwai ko gishiri ba, kuma wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ba a cicciɓarsa a zaunar. Kowanne na ji sai in tuna wani da muka rasa. Matar kuwa na sa direbobin Maraɗi su nemo mini ita har suka gaji da ni. Ba a same ta ba. Abin da ke cikinta yanzu ya zama mutum, wataƙila ma ya sha wucewa ta gabana a boda. Ba na sallah ban sa su a addu'a ba.

Ni da yayanku muka koma yadda muke. Ya warke, ya rage ɗan ɗingishin da kuka sani, na koma ce masa "kai, wancan". Sai bara, da na kwanta ciwo, ya zo ya zauna a bakin gadona bayan kowa ya fita. Ya daɗe yana kallon tabarma.

"Baba, ran nan cikin mota, na ji ka."

Na juya fuskata wajen bango. Ya ci gaba.

"Ina ta tahiya wani wuri mai nisa, babu zahi, babu komi. In na ji ka kira sai in ce, wanga muryar Baba ta, kuma ni yake kira. Sai in komo in ji ko za ka sake."

To, Sa'adu, ga gadon da kake nema, kai da 'yan'uwanka mata da maza. Ka samu ƙyalle mai tsabta, ka danna da ƙarfinka duka, kada ka ɗaga ka leƙa, kada ka zuba komai, ka nufi asibiti hannunka na wurin. In masu koyarwa sun zo, ka je ka zauna a gaba. Abin da bakina ke faɗa kuwa, wanda Jibiya ta ɗauka aya ce, ban sake furta shi ba tun ranar, kuma na san ko yanzu ya shigo zauren nan harshena ba zai iya ba. Amma alƙalami ba ya jin kunyar da nake ji, don haka bari in rubuta, in an karanta masa ya ji na sake kira.

Basiru. Basiru, ɗana.